Idon Baƙo a Rariyar Tasawa: Tarihin Hoto Baƙi-da-Fari Tsakanin Tasawa da Mayahi

Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo Tasawa a watan Janairu na 1851 ba tare da na'urar ɗaukar hoto ba. Ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ne har Damargu, ya rabu da jagoran tafiyarsu Richardson a can, ya nufo kudu da alƙalami da littafi da kuma Hausar da ya tsinta a hanya. Ya zaga kasuwar garin, ya ga ƙwarya-ƙwarya cike da soyayyar fara ana ciniki, ya tambaya, aka ba shi amsa, ya rubuta, sannan ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Zane-zanen da ya yi a gurguje kuwa wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya gyara su aka buga cikin littattafan tafiyar a 1857 da 1858. Saboda haka siffar ƙasashenmu da Turai ta fara gani ta bi ta hannu biyu kafin ta isa. Duk da haka Barth yana da abin da yawancin masu zuwa bayansa da kyamara suka rasa: yana jin abin da mutanen kasuwa ke faɗi.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A kan tsofaffin hotunan wannan yanki, daga Tasawa zuwa Gulbin Kaba, zuwa Mayahi da karkarar Tchaké, maganar ba ta cika zama daidai ba. Hoton ya riƙe fuska da inuwa da ƙurar hanya, amma ya saki launi, ya saki watan da aka ɗauke shi, ya saki sunayen mutane da abin da ke tsakaninsu. Wanda bai ji labari ba, ko ya kwana yana kallo, abin da ya zo da shi cikin kansa zai gani.

Na'urar ta iso nan tare da bindiga. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine ta bar bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi. Voulet shi ne ya ci Wagadugu a 1896, Chanoine kuwa ɗan janar ne wanda ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Ba a ba su guzurin da zai ishe su ba, suka kuwa tara sojoji da 'yan dako da matan da suka kama har jama'ar ta fi ƙarfin rijiyoyin hanya. Duk garin da suka sauka sai ya ciyar da su ko ya ƙone, sau da yawa ma ya yi duka biyun. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya a Lugu, ranar 8 ga Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake faɗi, daga nan suka ratso Gobir da ƙasar Katsinar Maraɗi. A Koran Kalgo, cikin ƙasar Tasawa, an kashe mata da yara kimanin 150 don ramuwar sojoji biyu.

Abin da ya tona asirinsu a Faris wasiƙa ce. Wani laftana mai suna Péteau, wanda suka kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, maganar ta kai kunnen gwamnati, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragama. Klobb ya yi ta bin toka da gawarwaki har ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta ya faɗi nan take. Kwana biyu bayan haka sojojin rundunar suka juya wa shugabanninsu, suka harbe Chanoine, washegari suka harbe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram. Sauran rundunar ta ci gaba ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

To, me idon duniya ya riƙe daga wannan shekara? Hotunan hafsoshin ne cikin kaki, gashin baki a murɗe, da zanen da jaridun Faris suka buga na faɗuwar Klobb. Abin da ya girgiza Faransa shi ne Bafaranshe ya harbi Bafaranshe. A daidai wannan zamani, a Kwango, wata 'yar mishan, Alice Seeley Harris, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala a 1904 yana zaune yana duban hannu da ƙafar 'yarsa da sojojin kamfanin roba suka yanke, hoton ya zaga Ingila da Amurka ya taimaka wajen ƙwace Kwango daga hannun Sarki Leopold. Mutanen Ƙonni da Koran Kalgo ba su sami mai yi musu haka ba. Labarinsu ya zauna a bakin kakanni, kuma da aka zo yin fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin da Femi Nylander, wanda ya fito a 2020, wurin jikokin nan aka je aka same shi. Duk mai duba hotunan farko na wannan ƙasa ya kamata ya riƙe wannan a ransa: mutanen da ke tsaye cak a gaban na'urar, hannaye a miƙe, ido a ƙasa, sun san abin da masu irin wannan hula suka yi jiya. Mai karanta natsuwarsu a matsayin ladabin gargajiya ya karanta rabi ne.

Kafin shekarar 1899 ta ƙare rundunar Foureau da Lamy ta sauko daga Aljeriya ta ƙetare hamada ta iso Damagaram a watan Nuwamba, ita kam da kayan hoto, kuma littafin Foureau na 1902 ya fito da hotuna da yawa. Daga 1906 zuwa 1909 tawagar Kaftin Jean Tilho ta bi iyakar da Faransa da Ingila suka yanka, tana kafa alamu, tana raba Katsina da Maraɗi da Tasawa gida biyu. Abin lura a nan, mafi amfanin abin da tawagar ta bari game da mutanenmu aikin tafintanta ne, Landeroin, wanda ya zauna da fadawa da tsofaffi ya rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Masu tarihi har gobe suna komawa gare shi.

Kyamarar kumandan abu kaɗan take so. Tana son sarki bisa doki da dogarai kewaye, don a nuna wa Faris cewa akwai wanda ake mulki ta hannunsa. Tana son kasuwa daga kan soro, taro ba fuska, don a nuna akwai abin da za a yanka wa lanho. Tana son mutum ɗaya a tsaye jikin bango, a rubuta ƙabilarsa a ƙasa ba sunansa ba. Wannan na ƙarshe ya zama sana'a: François-Edmond Fortier, mai shago a Dakar, ya buga dubban katunan gidan waya na Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, kuma kaso mai yawa na cinikinsa 'yan mata ne da aka tsayar ƙirji a waje don sojan da zai aika wa abokinsa a Marsai. Irin wannan kati ya fi ba da labarin mai saye a kan wadda ke ciki.

Akwai kuma abin da na'urar kanta ke yi, ba da niyyar kowa ba. Farantan gilashi da fim na wancan lokaci ba sa ganin ja. Duk abin da ke ja sai ya fito baƙi ƙirin, shuɗi kuwa ya yi haske fiye da yadda yake. Farantin gilashi mai ganin launuka duka ya shiga kasuwa tun 1906, amma ya daɗe bai zama na kowa ba. Sai ka ga jar dara ta koma baƙar hula, rigar dogari mai ja da kore ta zama duhu biyu da ba su da bambanci sosai, lallen hannun amarya ya yi kama da dauɗa. Baƙin rawanin Kura, wanda ya sha shuni ya sha bugu har yana ƙyalli, a rana tsaka yakan fito da farin walƙiya, wanda bai san shi ba ya ɗauka tsohon yadi ne da ya koɗe, alhali shi ne mafi tsada a wurin. Fatar mutum ma takan yi duhu fiye da kima, tsagen Bagobiri da ke tashi daga gefen baki ya nufi kunne ya nutse cikin inuwa, a rasa gane shi da Bakatsine. A ƙasar da ja da kore ke cewa "wannan bawan sarki ne, kauce", kuma tsaga ke faɗin gidan da mutum ya fito, cire launi daidai yake da cire rabin maganar.

Abin da ya rage bayan an cire launi shi ne tsayuwa da zama, kuma nan ne ɗan ƙasa ya fi baƙo ido. A duba ƙafafu tukuna. Wanda ke sanye da takalmi a gaban mai sarauta, ko dai tsaransa ne ko ma'aikacin Nasara. Wanda ya tuɓe nasa ya ajiye gefe ya durƙusa, talaka ne ya zo gaisuwa ko ƙara. A duba abin zama: buzu na malami, tabarma ta dattijo, kujerar katako mai jingina ta bariki. A duba amawali, wa ya ja shi ya rufe baki, wa ya bar rawaninsa a sake. A duba wa ke riƙe da linzamin dokin wani. A shekarun farko, bayan dokar Faransa ta 1905 da ta hana cinikin bayi, wanda ke tsaye a bayan maigida da ɗan bante ko warki ba lalle ɗansa ba ne, kuma rubutun ƙasan hoton ba zai faɗa ba.

Sha'anin mata ya fi wuya. Mai ɗaukar hoto ya fi son hantsi zuwa azahar saboda haske, lokacin da rariya ta zama ta maza da yara da tsofaffi da 'yan talla. Baƙo zai ce mata ba su da hannu a kasuwanci. Amma farantin da ke kan yarinyar nan, furar ko ƙosan ko ƙulin da ke ciki, jarin uwarta ne da ke bayan danga, kuma ribar za ta koma kwanonin auren yarinyar. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda bayan gushewar bauta mata da yawa suka ɗauki janyewa daga aikin gandu da yin lulluɓi a matsayin shaidar 'yanci, tunda aikin gona a rana shi ne alamar baiwa a da. Wato matar da aka ɗauka a 1920 da zane ɗaure a ƙirji tana noma, da jikanyarta da aka ɗauka a 1990 cikin hijabi bayan wa'azin Izala ya shigo daga Najeriya, ba za a jera su a ce wannan ta fi waccan walwala ba sai an san matsayin kowacce. A ƙauyukan Mayahi ma mata ba su bar gona ba. Suna da gamanarsu ban da gandun maigida, abin da kyamarar da ba ta bar bakin hanya ba ba za ta gani ba.

Sai kuma wata. Rariyar ƙauye a watan Maris, ba kowa sai tsoho ɗaya da awaki, kan sa mai kallo ya ce gari ya watse. Samarin sun tafi cin rani ne Kano ko Legas, ruwan farko zai dawo da su. In ana son a san halin garin, rumbuna za a duba: an ɗora musu sabon jinka, ko an bar su a buɗe saboda ba abin da za a kare.

Daga shekarun 1950 zuwa 1970 wani irin baƙo ya zo, mai zama ya daɗe. Guy Nicolas ya yi shekaru a kwarin Maraɗi da Kance yana bin al'adun Anna, masu bin addinin gargajiya, da bukin dubu na sarkin noma da yadda kyauta ke ɗaure jama'a. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta kan bori. Claude Raynaut ya zauna Sumarana, daga baya ya yi aiki a Sharken Hausa cikin ƙasar Mayahi. Su ma sun ɗauki hotuna, kuma a ganina nasu ne suka fi amfani, ba don sun fi kyau ba (yawancinsu ba su da wani fasali), sai don kowane na tare da shafuka masu faɗin wane ne, ɗan wa, me ake yi. Inda katin kumandan zai rubuta "masu tsafi" ya wuce, su sukan nuna cewa mutumin nan mai riƙe da jan zakara gobe za a gan shi a sallar idi, kuma ba wanda ya ga saɓani a garin.

Amma hoton da ya fara shiga gidan talaka ba na masu bincike ba ne, na katin shaida ne. Bayan an soke aikin tilas a 1946, aka fara zaɓe, aka buɗe hanyar tafiye-tafiye, takarda mai fuska ta zama dole ga ɗan kasuwa da tsohon soja da maniyyaci. Sai ga mai hoton akwati a kasuwanni: akwatin katako kan ƙafa uku, baƙin ƙyalle a baya, hannun riga ɗinke a gefe. Zai zaunar da kai jikin bango, ya cire murfin gilashin ya ƙirga a ransa ya mayar, ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a ɗan kwanon magani ba tare da ya gani ba. Abin da zai fito fari ne a wurin baƙi, baƙi a wurin fari, sai ya manna shi a wani allo gaban na'urar ya sake ɗauka, ya ɗauraye cikin bokiti ya miƙo maka da danshinsa. Wasu malamai sun ƙi abin, wasu suka ce inuwa ce aka tsare ba gunki aka sassaƙa ba. Hajji dai ba ya yiwuwa sai da shi, gardamar ta lafa da kanta.

Irin wannan mai hoto ne ya ɗauki wani hoto da na gani a adakar wani kawuna a karkarar Tchaké, na lokacin cinikin gyaɗa, 'yan shekaru bayan kafa kamfanin SONARA a 1962. Mutum bakwai ne a bakin sikeli, buhuna jibge a bayansu. Ɗaya na tsakiya da babbar riga mai aska, ga agogo a hannu, ya dafa keke. Ɗaya na zaune a ƙasa gefe da 'yar taguwa. Akwai mai gajeren wando da littafi a hammata, akwai yarinya da tire wadda ta motsa fuskarta ta goge, akwai wani can ƙarshe ya juya ƙeya. Na nuna mai babbar rigar na ce, "Kawu, wannan shi ne mai sayen gyaɗar ko?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai yaro, wannan ai maroƙi ne. Rigar kyauta ce aka ba shi ranar, agogon na akawu ne, keken kuwa na mai hoton ne, kowa shi yake dafawa." Ya ɗora yatsa kan na zaune a ƙasa. "Ga mai kuɗin nan. Buhunan nan duk shi ya ba da bashinsu tun da bazara. Ba ya son a san yana da shi."

"Wannan da ya juya baya fa, Kawu?"

Ya ɗan yi shiru. "Ɗan Sawaba ne. Lokacin nan ba ka ba hukuma fuskarka a banza."

An haramta Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary, tun 1959, kuma bayan yunƙurin 'yan Sawaba na 1964 gwamnatin Diori Hamani ta bi su gari-gari. Wanda ya sami hoton nan a wani ɗakin ajiya a Turai zai rubuta a ƙasansa cewa attajiri ne da barorinsa, ya yaba yadda ƙeyar mutumin can ta daidaita tsarin hoton. Ba zai yi ƙarya da gangan ba, amma kowace kalma tasa kuskure ce.

A manyan birane sana'ar ta yi nisa fiye da haka. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da babur da alƙalami don mai son a ɗauke shi da su. Malick Sidibé ya bi samari gidajen rawa da bakin kogi, har aka ba shi babbar lambar baje kolin Venis a 2007. Nijar tana da nata, Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya yi shekarun 1960 da 1970 yana yawo da kyamara a mashaya da gidajen rawa na Yamai, yana ɗaukar sojojin Faransa da ma'aikata da 'yan mata masu gajeren siket a zamanin da kuɗin yuraniyom ya fara shigowa. Zuwan injinan wanke hoto mai launi ya karya kasuwarsa, ya rasu a 2014 ba da wani abin hannu ba. Bambancin waɗannan da kyamarar kumandan shi ne wanda ke cikin hoton shi ya biya, don haka shi ya zaɓi yadda za a gan shi. Shaida ce ta abin da mutane ke buri, kuma buri ma tarihi ne, muddin ba a ɗauke shi a matsayin lissafin dukiya ba.

Fari ne ya dawo da kyamarar baƙi ƙasar nan da ƙarfi. Mutanen yankin sun riga sun san yunwa da sunayenta, tun Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ba wanda ya damu ya ɗauka. Ta 1973 kuwa ta zo a zamanin mujallu masu hoto. A shekarar ne wani ɗan Barazil masanin tattalin arziki, Sebastião Salgado, ya ajiye aikinsa a hukumar kofi ta duniya a Landan ya zo Nijar ya fara sana'ar hoto da wannan fari. Ya dawo yankin Sahel a 1984 da 1985 tare da likitocin MSF, ya bi Mali da Chadi da Sudan da Habasha, littafin ya fito a 1986. Hotunan baƙi-da-fari ne masu kyan da ke tsayar da numfashi: mata lulluɓe cikin ƙura, haske na sauka kansu kamar a zanen coci. Sun jawo taimako, wannan ba a musu. Amma Susan Sontag ta yi masa wani ƙorafi da nake ganin ya zauna, cewa marasa ƙarfin da ke cikin hotunansa ba a faɗin sunayensu. Ni zan ƙara da cewa ba a faɗin dalili ma. Hoton ya ce sama ta hana ruwa, shi ke nan. Bai ce an ci gaba da karɓar lanho a shekarun farin ba, bai ce gyaɗa ta cinye gonakin da da ake bari su huta ba, bai ce hatsin taimako ya maƙale a hannun manya ba, abin da sojojin Seyni Kountché suka kafa hujja da shi ranar 15 ga Afrilu 1974. Mutanen Maraɗi da suka raɗa wa yunwar 1984 suna El Buhari, saboda rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a shekarar, sun saka siyasar abin cikin suna guda, wadda littafin hoto sukutum bai saka ba.

A 2005 abin ya maimaita kansa, wannan karon da launi da bidiyo. Hotunan da BBC ta ɗauko daga cibiyoyin ciyar da yara na Maraɗi a watan Yuli suka tada duniya, Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa, MSF kuwa ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a shekarar. 'Yan jarida suka yi ta nuna mata na tsinkar ganye a matsayin shaidar ƙarshen wahala. Duk wanda ya tashi a nan ya san kwaɗon tafasa da na zogale abincin damina ne ko a shekarar ƙoshi, kamar yadda farar da Barth ya gani a kasuwa ba alamar masifa ba ce. Alamar gaskiya ita ce anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, da tonon gidan tururuwa, da tunkiyar da aka sayar a kan kuɗin tiya kaɗan. Masu cewa an zuzuta sun kama kuskuren ganyen suka yi ta kaɗawa, su ma suka kauce wa abin da ke gabansu: yara sun mutu, kuma sun mutu ne alhali kasuwannin Maraɗi da Tasawa cike suke da hatsin da talaka ba ya iya saye.

Akwai wani rukunin hotuna baƙi-da-fari na wannan ƙasa da ba a ɗauka daga rariya ba, daga jirgin sama aka ɗauke su don zana taswira, a shekarun 1950 da kuma 1975. Sun yi shekaru a ajiye. A farkon shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan suka jera na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suna tsammanin ganin hamada ta ƙara ci. Sai suka ga akasi: gonakin da a 1975 suke fari fat da ɗigon baƙi nan da can, yanzu sun cika da ɗigo, kowane ɗigo itace. Ƙiyasin da aka yi ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Hoton bai faɗi wanda ya yi aikin ba, sai da aka sauko aka tambayi manoma. Tun zamanin Faransa doka ta mai da itace na gwamnati, ma'aikatan gandun daji na cin tarar mai gona in ya sare reshe, don haka ba wanda ke son tsiro ya girma masa a gona. Malaman gona kuma na koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturan da ke raye ne a ƙarƙashin ƙasa. In an bar biyu ko uku masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada don abincin da ake bayarwa, wasu suka sare bayan an daina rabo, wasu suka bari suka ga gero ya fi kyau a gindin gawo. Hannun ma'aikatan daji ya yi sanyi, dokar 2004 ta amince wa manomi da itacen gonarsa, wannan dabara ta sassabin zamani ta bi ƙauyuka daga Dan Saga ta ƙasar Agye zuwa Tasawa da Mayahi, maƙwabci na koya daga maƙwabci.

Wasu masana sun ce ruwan sama ne kawai ya dawo bayan shekarun fari. Amsar da aka ba su ma daga hoton sama ta fito: a wurare da dama kan iyakar da Tilho ya kafa wa alamu, ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, Hausawa ɗaya, amma gonakin ɓangaren Nijar sun fi na ɓangaren Najeriya yawan itace nesa ba kusa ba, har ana iya bin layin iyakar da ido.